Mayar da Motar Kaya Tafi-da-gidanka a Unguwar Sabo, Ibadan

Motar tafi-da-gidanka ita ce motar da aka gina wa ɗaki a bayanta, da wurin kwana da wurin girki da ma'ajiyar ruwa, yadda mutum zai yi kwana da kwanaki a hanya ba tare da ya sauka gidan kowa ba. Wasu a haka suke fitowa daga kamfani. Wasu kuwa asalinsu motocin kaya ne, aka sauke musu bodi ko aka gyara wanda suke da shi. Wannan kashi na biyu shi ne abin dubawa a nan, tare da yadda lamarin yake a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, babban birnin Jihar Oyo, wanda 'yan arewa suka fi sani da Badun.

Irin motar da Turawa ke fita yawon hutu da ita ba ta zama al'ada a Sabo ba. Amma abubuwa biyun da ke haɗuwa su haifar da ita sun daɗe a wurin. Na farko sana'ar ɗora bodi a kan shasin da ya zo tsirara. Na biyu rayuwar direbobi da yaransu da masu rakiyar kaya, waɗanda motar ce ɗakinsu, ita ce kicin ɗinsu, muddin suna tsakanin kurmi da arewa.

Sabo da hanyar arewa

An kafa Sabo a 1916, zamanin mulkin Turawa, a gefen Mokola. Kafin nan Hausawan Ibadan a warwatse suke cikin gari, da yawansu a gidajen Yarbawa. Shekarun nan su ne kuma na jirgin ƙasa: layin dogo ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, sannan aka gama gadar Jebba a kan Kwara bayan 'yan shekaru. Unguwar ta tashi ne a kan fatauci biyu, shanu daga arewa zuwa kudu, goro daga kudu zuwa arewa.

Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna da mutanen Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. A lokacin mazauna unguwar sun ɗan haura 4,000, kuma ya ƙiyasta ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan. Kayan nan biyu ba sa jira. Saniyar arewa in ta shigo kurmi ƙudan tsando na iya sa mata sammore, ta rame kafin a sayar. Goro kuma, wanda ake tarowa daga ƙasar Shagamu da Ijebu da Egba, in aka bar huhunsa ya sha zafi ko ya bushe, ko sankara ta shige shi, asara ta tabbata. Duk abin hawan da zai rage kwanakin hanya, fatake za su rungume shi. Da jirgin ƙasa ya fara ja da baya, aka kuma shimfiɗa kwalta, sai mota ta karɓe aikin.

Daga Ibadan zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 900 ce: Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jebba, Makwa, daga nan ko a yi Tegina da Kaduna da Zariya, ko a miƙe ta Kwantagora da Yawuri zuwa Sakkwato. Manyan motoci ba su cika shiga cikin Sabo yanzu ba, don titunanta sun yi musu kaɗan. A Ojo da Shasha da Akinyele da kasuwar Bodija suke sauke tumatir da albasa da tattasai da wake da dabbobi, su ɗauki goro da manja da garin kwaki da katako da kayan masana'antu su juya. Sabo ta rage wurin canjin kuɗi da tsire da masallaci da masauki, kuma nan ne har yau baƙo daga arewa kan fara tambaya.

Shasi da bodi

Tun shekarun 1920 kamfanonin Turawa ba su cika shigo da motar kaya cikakkiya ba. Inji da kai da shasi suke kawowa, saboda ya fi araha a jirgin ruwa, sauran aikin kuwa na kafintan gida ne. Da farko ƙirar Amurka ce ta fi yawa, irin su Ford da Chevrolet da Dodge. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai na Ingila suka mamaye, Bedford da Austin da Morris, ga kuma sojojin da suka dawo da sanin tuƙi da kanikanci. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 ana harhaɗa Bedford a Apapa. Daga baya gwamnatin tarayya ta shiga haɗin gwiwa aka kafa masana'antun manyan motoci: Leyland a Ibadan kanta, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Mercedes 911, wadda direbobin arewa ke kira roka, ita ce ta fi daɗewa a bakin aiki.

A ƙasar Yarbawa wannan tsari ya haifar da motar da ake kira bolekaja. Bodinta na katako ne, da rufi, da tamfol da ake saukewa a gefe in ruwa ya sauko, ana kuma shiga ta baya. Kujerunta katakai ne dogaye da ake jerawa a gicciye. Nan dabarar take: in an samu fasinja a jera su, in koko ko goro aka samu a zare su a ɗaure a sama. Mota ɗaya ce ke zama ta kaya da safe, ta mutane da yamma. A arewa kuwa bodin katako ya fi tsawo, ba shi da rufi, an yi masa ƙarafa a sama don ɗaura tamfol, an kuma ƙawata bayansa da fenti: zaki, mikiya, dawaki, furanni, da 'yar addu'a ko habaici.

Ibadan gari ne da ya dace da wannan sana'a. Katako na nan kusa, kasuwarsa na Bodija, kayan gyara kuma na Agodi Get. Kafinta kan nemi ice mai tauri, irin su iroko da maɗaci da kawo, don ginshiƙai da daɓe, ya bar mai sauƙin nauyi ga bango. Yau mai walda ya ƙwace yawancin aikin, domin bodin ƙarfe ya fi saurin haɗuwa kuma katako mai kyau ya yi tsada, amma tsarin bai sauya ba: mai mota ya zo da shasinsa, ya faɗi abin da zai riƙa ɗauka, a auna a ƙera masa.

An sha ɗora wasu abubuwan ban da bodin kaya. Motar majigi ta zamanin En'e, mai ɗauke da injin wuta da na'urar haska fim, a kan shasin motar kaya take. Haka motocin asibitin tafi-da-gidanka. Waɗanda suka fi kusa da gida sosai su ne motocin alhazai na hanyar ƙasa. A ƙarshen shekarun 1940 'yan kasuwar Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA, wanda har yau wani yanki na Fagge ke amsa sunansa. Motocin kan bi ta Maiduguri da Njamena da Abeshe su shiga Sudan, maniyyata da tukwanensu da buhunan hatsinsu, a yi makonni ana girki da wanki da kwana a gindin mota.

Zaman cikin mota

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Ibadan da arewa gida ce ko da ba a kira ta haka ba. A kan tirela irin su DAF da MAN da Howo akwai ɗan gado a bayan kujerar direba, na oga ne, ba mai hawa sai da izninsa. A ƙasan bodi, tsakanin tayoyi, mai walda kan maƙala akwatin ƙarfe mai kwaɗo. A ciki za a sami risho ko ƙaramar tukunyar gas, tukunya, shinkafa, taliya, manja, barkono, ganyen shayi da sukari. Jarkar ruwa a ɗaure take a gefe, buta na rataye kusa da ita. In rana ta take, inuwar da ta fi kowace tabbas ita ce ƙarƙashin motar, nan ake shimfiɗa tabarma. Da dare a ɗaura gidan sauro daga ƙugiyar bodi zuwa marfin taya.

Kowa da aikinsa. Yaron mota shi ne mai girki, mai wanki, mai gadi, shi ne kuma mai dirowa da weji ya tokare taya in mota ta tsaya a hawa. In za a ja da baya a tasha muryarsa ake ji: "Zo, oga, zo, zo, karya hagu, ya isa!" Shi yake kwana a kan kaya, domin kayan da ba a kwana a kansu ba su cika wayar gari cikakku ba. A motar shanu kuwa ana gicciya katakai a saman bodi, masu rakiya su zauna a kai dare da rana suna leƙen ƙasa. Saniyar da ta kwanta a cikin cunkoso sauran za su tattake ta, don haka da zarar ɗaya ta durƙusa sai mutum ya sauka tsakanin ƙahonni ya tashe ta.

Ba a tsara tafiyar don ta daɗe ba, hanya ce ke tsawaita ta. Taya ta fashe, sifirin ya karye, a jira kayan gyara daga gari mai nisa. A watan Yuni na 2017 ruwa ya cinye gadar Tatabu tsakanin Makwa da Jebba, manyan motoci suka yi jerin gwano suna jira ko suna neman zagaye. A irin wannan hali ne ake gane amfanin akwatin nan na ƙasan bodi. Garuruwan zango kamar Jebba da Makwa da Tegina da Mararrabar Jos sun rayu ne a kan abin da motar ba ta iya ɗauka: banɗaki, ruwan wanka na sayarwa, mai shayi, mai faci, masallaci. Salla a ƙasa ake yinta, yawanci ƙasaru, tunda tafiyar ta zarce mil 48 ɗin da malaman Malikiyya suka ƙayyade nesa ba kusa ba.

Yadda ake aikin

Wanda ke son ya wuce nan, ya mayar da motar ɗaki na sosai, yakan fara da zaɓen mota. Tirela ta yi girma, a-kori-kura ta yi kaɗan. Matsakaiciya ake nema, irin motar Kanta ko 'yar Kwatano mai rufaffen akwati a baya, wadda ta riga ta zo da bango da rufi. Abin dubawa kafin kuɗi su fita shi ne shasi, don tsatsar da ta ci shi ba ta da magani mai araha, sai kuma ko ana samun kayan gyaran injin a kasuwa. Tsohuwar mota marar kwamfuta ta fi sabuwa daɗin sha'ani a nan, domin bakaniken kowane ƙauye zai iya buɗe ta.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne manne ɗaki kai tsaye a kan shasi. An ƙera shasin motar kaya ne don ya riƙa murɗewa kaɗan in taya ɗaya ta faɗa rami. Bodin katako na yafe wannan, yana ƙara yana bin motsin. Ɗaki mai tagogi da kabad ba ya yafewa: bango ya tsage, ƙofa ta ƙi rufuwa, rufi ya fara yoyo. Maganinsa a shimfiɗa wani firam na ƙarfe a tsakani, a ɗaure shi da ƙusoshi masu lanƙwasa, wasu a sa musu sifirin don a bar wa shasin wurin motsi. Masu ƙera motoci kuma suna hana yin walda ko huda a leɓen shasi na sama da na ƙasa, saboda nan ne nauyi ya fi taruwa, nan kuma tsagewa ke farawa. Mai waldan da ya saba da bodin tifa ya san wannan. Wanda ƙofofin gida ya saba yi ba lalle ya sani ba.

Sai nauyi. Kowace mota da iyakar abin da aka yarda ta ɗauka, a rubuce a ɗan farantin ƙarfe a jikinta. Motar kaya ba ta cika kasa ɗaukar ɗaki ba, matsalar ita ce inda aka ɗora nauyin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 200 ke nan kilo 200, kuma ruwa na tangaɗi a kwana. In aka ɗora shi a rufi, kamar yadda ake yi a gidaje don ruwa ya sauko da kansa, motar za ta yi saurin kifewa. Ƙasa ake sa shi, tsakanin tayoyin gaba da na baya, tare da batura da tukunyar gas, a jawo ruwan da ɗan famfo. Kuma lita 200 ba ta da yawa: mutum huɗu, kowa lita 20 a yini don sha da alwala da girki da wanka, kwana biyu da rabi sun ƙarar da ita.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Akwatin ƙarfe da ya wuni a rana tanda ne. Littattafan Turawa kan wannan aiki sun fi damuwa da yadda za a riƙe ɗumi, a nan kuwa yadda za a kore shi ake nema. Ana shafa wa rufi farin fenti, a jera soso mai tauri tsakanin ƙarfe da silin, a buɗe tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, da wata kafa a sama inda iska mai zafi za ta fita. Tsofaffin Land Rover na ƙasashe masu zafi suna da rufi biyu da tazara a tsakani, na saman ya sha rana, iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Dabara ce mai sauƙi, kuma ba ta cin wuta. Kowace taga sai an sa mata raga saboda sauro.

Motar da ke tsakanin Ibadan da Kano tana rayuwa ne a yanayi biyu. A Ibadan damina doguwa ce, iska na ɗauke da laima, katako ya kumbura, katifa ta yi fumfuna, ƙarfe ya yi tsatsa ta inda aka huda shi. In ta haura arewa da hunturu katakon nan ya bushe ya tsuke, haɗin ya saki, ƙura ta sami hanya. Shi ya sa gogaggen kafinta ba ya aiki da ɗanyen katako, yakan kuma bar 'yar tazara a ƙofofin kabad, ya fi son noti da ƙusa mai zare a kan ƙusar bugawa, domin ana iya ƙara ɗaure su.

Wutar manyan motoci yawanci bolt 24 ce, wato batir biyu a jere. Ba a jan wutar ɗaki daga cikinsu kai tsaye, in ba haka ba a wayi gari mota ta ƙi tashi. Batir daban ake sawa, wanda inji ke caja in ana tafiya, farantin sola kuma in an tsaya, kowane layi da fis ɗinsa. Farantin wat 300 kan ba da wajen kilowat ɗaya na awa a yini, ya fi haka a arewa, ya gaza a Ibadan cikin watan Agusta mai hadari. Wannan ya ishi fitilu da fanka da cajin waya, wataƙila da ƙaramin firji. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa za ta iya shanye shi cikin awa guda.

Abin da ke kisa a irin wannan ɗaki ba ya da wari. Gawayi da janareta suna fitar da iskar guba wadda hanci ba ya ji, mutum ya kwanta barci a rufaffen wuri ya zarce. Ba a shiga da kaskon gawayi, ba a kunna janareta a ciki ko a gindin taga, a kuma tabbatar salansar motar ba ta hura hayaƙi ƙarƙashin daɓe. Gas ɗin girki shi kuma ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwantawa, don haka akwatinsa a waje yake buɗewa, da huji a gindinsa. Ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Ana barin taga guda da mutum zai iya fita ta cikinta.

Makewayi shi ne abin da masu gini suka fi kauce wa. Mafi sauƙi bokiti mai marfi da ake zubarwa a inda ya dace, a wani lungu mai daɓen da ruwa ba ya ratsawa, da magudanar da ta raba ruwan wanka da najasa. Ga Musulmi wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a ɗan wurin nan ake ajiye darduma da abinci.

Doka

Takardun mota suna faɗin irinta da aikinta. Wanda ya sauya mata siffa sai ya koma ofishin lasin da wurin jami'an duba motoci, waɗanda aka fi sani da bi'ayo, a gyara bayanin, a kuma sanar da kamfanin inshora. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana da tushe a Ibadan, domin Jihar Oyo ta riga ta kafa irin wannan runduna tun 1977. Hukumar ta daɗe tana yaƙi da loda mutane a kan kaya ko tare da dabbobi a tirela, saboda in irin wannan mota ta faɗi, rayukan da ake rasawa a lokaci guda suna da yawa. Wannan ya shafi motar tafi-da-gidanka kai tsaye: ɗakin baya na zama ne in an tsaya, ba na tafiya ba, sai in an kafa masa kujeru masu bel. Mai niyyar ƙetare iyaka kuma ya san ƙa'idar ECOWAS ta 2012 kan nauyin manyan motoci, wadda ta ƙayyade tan 11.5 ga gatari guda mai jan mota, ko da yake ɗaki ba ya kusantar wannan adadi.

Abin da ya hana ta yaɗuwa

Ba rashin gwaninta ba ne, don wanda ya iya ƙera bodin shanu ba ɗaki ne zai gagare shi ba. Babban dalili shi ne Sabo ta riga ta warware matsalar masauki ta wata hanya. Tsarin da Cohen ya bayyana, wanda bai mutu ba, a kan maigida ya tsaya. Falke ya iso, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in mahauci ya ɗauki shanu bashi. Kuɗin kwana ba shi ne ribar maigida ba, la'ada ce. Saboda haka baƙon da ya zo da gidansa a bayan mota, ya ce ba ya buƙatar kowa, bai tsira da komai ba. Ya rasa wanda zai ce "na san shi", kuma a kasuwar da ke tafiya a kan amana wannan ya fi katifa daraja. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda ta game unguwar a farkon shekarun 1950, ta ƙara ɗaure wannan zumunci, domin wazifa a cikin jama'a ake yinta.

Akwai kuma lissafi. Motar kaya jari ce, ranar da ba ta yi lodi ba ranar asara ce, ga man dizal da tsada. Mai ita zai ga wauta ce ya cire tan biyar na albasa ya sa gado. Tafiya da iyali don shaƙatawa kawai ba ta cikin tsarin yawancin gidaje, in an tashi tafiya biki ne ko gaisuwa ko Salla, kuma a can akwai dangi masu jira. Sai tsaro. Kwana a daji kai kaɗai, wanda shi ne abin marmari ga Bature mai irin wannan mota, shi ne abin da direban Nijeriya ke gudu, musamman tun da fashi da satar mutane suka addabi hanyoyi irin ta Birnin Gwari. A cikin ayari ake kwana, inda akwai fitila da mutane.

Inda bodin mota ke zama ɗaki na dindindin shi ne bayan ta mutu. A gefen tashoshi da garejoji ana sauke akwatin a kan bulo, a yanka masa taga, ya koma shagon mai faci, ofishin 'yan kamasho, ma'ajiyar buhuna ko wurin kwanan maigadi.

A wasu ƙasashe

A Turai da Amurka abin ya taso ne daga hutu da yawon buɗe ido. A 1915 wani attajiri, Roland Conklin, ya tashi daga Niyu Yok ya nufi San Faransisko da iyalinsa a cikin babbar motar da aka gina wa ɗakuna. A Jamus kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan bas na Volkswagen wurin kwana a farkon shekarun 1950, Winnebago na Amurka kuma ya fitar da tasa a 1966. Girman motar a Turai lasin ne ke yanke shi: na ƙaramar mota ya tsaya a kilo 3,500, mai son ya kai 7,500 sai ya sake jarrabawa. A Niyu Zilan, cikin shekarun 1970, matasa sun riƙa sayen tsofaffin motocin kaya, da yawansu Bedford irin waɗanda suka yi bolekaja, suna gina musu gidajen katako har da baranda.

Hausawa sun ga irin waɗannan motoci da idonsu. A shekarun 1970 da 1980 Turawa masu ratsa Afirka kan sayi Bedford na soja da aka yi gwanjonsu, su sa musu kujeru da tantuna da tankunan ruwa, su keto Sahara ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, su yada zango a Kano kafin su wuce Kamaru. Rikicin Aljeriya na shekarun 1990, da rashin tsaron da ya biyo baya a Sahel, sun rufe wannan hanya. Masu yin tafiyar yanzu gaɓar teku suke bi, ta Maroko da Muritaniya da Senegal har Binin, su shigo Nijeriya ta kudu maso yamma, wasunsu su ratsa Abekuta da Ibadan. A harabar otal suke ajiye motar su biya kuɗin wuri, domin babu sansanin da aka tanadar wa irinta.